Gyara, 'yar tsakon da ba a saya ba

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Na shigo gida da la'asar da kwali a kan cinya, 'yan tsaki suna ta kuka a ciki tun daga kasuwar Kejetiya har unguwarmu Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Matar da ke kusa da ni a trotro, motar haya, sai janye zanenta take yi. Kuɗin 'yan tsaki 14 na biya. Da na tsaya ina ƙorafin tsada, mai sayarwa ya miƙa hannu can kusurwar kwalinsa ya ɗauko wata ya jefa mini, ya ce gyara ce. Ban ko dube ta ba, na yi godiya na taho.

Jajaye ne, irin da ake kira Sasso, waɗanda ake kiwo don ƙwai da nama gaba ɗaya. Fararen nan na nama ba su dace da ni ba, sati shida zuwa takwas an yanka an gama. Ni so nake yara su riƙa zagayawa bayan ɗaki suna ɗauko ƙwai, in an yi baƙo kuma a kama zakara a yanka da bismilla, mu ɗan huta da daskararriyar kazar kwali da ta cika mana kasuwa.

Ni tela ne, abin da ban auna ba ba na sa masa almakashi. Na ari sikelin da maman yara take auna fulawa, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a cikin kofin roba. Goma sha huɗun suna tsakanin giram 36 da 41. Ta gyarar nan 27. Na sauke na sake ɗorawa, 27 ɗin dai. Cibiyarta ba ta gama bushewa ba, ido a lumshe, tana tsaye tana layi kamar mai gyangyaɗi a wurin karatu. 'Yata ta raɗa mata suna Gyara, ta kuma yanke hukunci cewa mace ce, ko da yake yanzu ba mai iya sani.

Mma ta leƙa kwalin ta ce, "Tela, wannan ba ta kwana uku." Ta yi kiwon kaji a Salaga tun ban zo duniya ba, saboda haka ban yi musu ba.

Na zuba su cikin babban kwalin firij a ɗakin ajiya. Ruwa na fara ba su da ɗan sukari a ciki, na kama kowane na tsoma masa baki, bayan awa biyu na barbaɗa abinci a kan takarda. Awonsu zan riƙa rubutawa kowace Asabar a bayan littafin awon shago, can ƙasan wuyan riga da tsawon wandon mutane.

Talata, 13 ga Mayu

Kwana ukun Mma sun cika, da kyar.

Mutane suna cewa ƙasarmu da zafi, tsako ba ya bukatar ɗumi. Wanda ke ƙarƙashin fiffiken uwarsa ke nan. Tsakon kwali a satinsa na farko yana son zafin da ya kai 32 zuwa 35 a ma'auni, a riƙa rage masa kamar uku-uku duk sati har gashi ya rufe shi. Daren Kumasi a damina kuwa yakan sauka wajen 22. Na zaga shaguna neman ƙwan fitila irin na da, mai ƙona hannu, ban samu ba. Tun 2008 doka ta hana shigo da shi, waɗannan farare na yanzu kuwa haske kawai gare su. Sai na koma ga dabarar Mma: tukunyar ƙasa da garwashi a tsakiyar kwalin, a kan bulo. Gawayin a waje ake hura shi a kurfoti sai ya yi ja ya daina hayaƙi, sannan a shigo da shi, taga kuma ba a rufe ta ruf, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba, tsako da mutum duka.

Ba ni da ma'aunin zafi, su kansu 'yan tsakin su ne ma'auni. In sun taru sun hau juna a jikin tukunya, sanyi suke ji. In sun gudu bango suna haki baki buɗe, wuta ta yi yawa. In sun bazu kowa yana harkarsa, sai ka je ka kwanta.

Daren jiya barci ya sace ni, garwashi ya mutu. Wajen ƙarfe uku kukansu ya tashe ni, na tarar sun yi tsibi a kusurwa ɗaya. Na ƙirga 14. Gyara tana can ƙasan tsibin, an danne ta, ƙafafu a miƙe, jiki da sanyi. Na sa ta cikin rigata a kan ƙirji, na hura wuta da hannu ɗaya. Sai da aka kira sallar asuba ta motsa.

Da gari ya waye na ga wata matsalar: kashi ya bushe ya toshe mata dubura. Wannan yana biyo bayan sanyi ko zafin da ya wuce kima, in an bar shi kuma kisa yake. Ba a fizgewa, fata za ta biyo. Na jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi na yi ta dannawa a hankali har ya saki, na busar da ita, na shafa ɗan man kaɗe. Na cika kwalba da ruwan zafi na naɗe da ƙyallayen shago na ajiye mata, ko da wuta ta sake mutuwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Sati ɗaya. Sauran: 82 zuwa 95. Gyara: 41.

Yau aka yi rigakafin farko, na Gumboro. Sunan wani ƙaramin gari ne a Amurka inda aka fara gano cutar, tana lalata garkuwar jikin tsako tun yana ƙarami. Takardar da aka ba ni a ofishin likitocin dabbobi na Amakom ta jera su haka: Gumboro rana ta 7, Newcastle rana ta 14, Gumboro kuma rana ta 21, Lasota rana ta 28, wanda shi ma na Newcastle ne. Ɗana ya ce shi Newcastle ƙungiyar ƙwallo ya sani. Na ce masa garin ɗaya ne, a Ingila, cutar ta ɗauki sunansa tun kafin a haifi kakansa.

Wahalar mai kaji kaɗan ita ce kwalbar maganin ta kaji 1,000 ce, in an fasa ta kuma ba ta kwana. Mu huɗu a unguwa da muka ɗauki 'yan tsaki a sati ɗaya muka haɗa kuɗi, ɗaya ya je ya sayo cikin fulas da ƙanƙara, muka raba a ƙofar masallaci bayan asuba kowa ya ruga gida. Ruwan famfo ba ya yi, sinadarin da ake zuba masa yana kashe maganin, sai na ɗebo na rijiya na kaɗa ɗan garin madara a ciki. Na ɗauke musu ruwa awa ɗaya da rabi tukuna don su ji ƙishi, domin ana so su shanye cikin awa biyu. Suka yi caa a kan mazubi. Gyara ko kusa ba ta samu ba, sai da na ɗiga mata a gefen baki da sirinji marar allura, ɗigo ɗaya in jira ta haɗiye. Ba a ɗura wa tsako ruwa, yana bi ta hanyar numfashi.

Laraba, 21 ga Mayu

Jiya bayan isha'i na ɗauki kujera na zauna gaban kwalin rabin awa ban taɓa komai ba, ina kallo kawai. Ashe ci take so, samu ne ba ta yi. Duk sanda ta nufi mazubi sai wani ƙato ya bangaje ta, ta koma gefe ta jira, in sun ƙoshi sun watse sai ta zo ta tsinci garin da ya rage. Da dare na taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyan kowanne: na sauran a cike tam, nata kamar ba komai. Ƙashin ƙirjinta kuwa kamar bakin wuƙa.

Na raba kwalin da waya, na ba ta kusurwarta da mazubinta. Ita kaɗai ta yi ta kuka ta ƙi ci, sai da na sa mata wata mai sanyin hali cikin 'yan'uwan, ta ga tana ci ita ma ta bi. Abincin nata ina yayyafa masa ruwa ya yi laushi, in murmusa rabin gwaiduwar dafaffen ƙwai a kai. Jiƙaƙƙen abinci ba ya daɗewa a wannan yanayi, awa biyu ya fara tsami, abin da ta bari sai a zubar. Maman yara ta ce, "Baban su, ƙwai muka ce muna nema, ga shi ƙwai muke ba kaza." Ban sami amsa ba.

Kawu ya aiko mini da ragowar abincin kajinsa masu ƙwai, ya ce in rage kashe kuɗi. Na yi godiya na ajiye shi a sama. Wancan an cika masa sinadarin ƙashi saboda ɓawon ƙwai, ya ninka abin da tsako ke bukata sau uku ko fi, yana ɓata masa ƙoda. Na 'yan tsaki daban ne, abin gina jiki a cikinsa wajen kashi 20 cikin 100. Ban faɗa wa Kawu ba, ba a mayar da hannun kyauta baya.

Asabar, 24 ga Mayu

Sauran: 165 zuwa 190. Gyara: 68. An yi na Newcastle. Ta fara kokawar abinci da abokiyar zamanta.

Asabar, 31 ga Mayu

Sauran wajen 290. Gyara: 121, ta kusa ninkawa a sati ɗaya. Gumboro na biyu. Ɗinkin Salla ya taso ni gaba, ba na barin shago sai ƙarfe biyun dare. 'Yata ce ke kula da kusurwar Gyara, sauran ina zuba musu abinci da ruwa a tsaye in fita.

Laraba, 4 ga Yuni

Da safe na ga jini a kashinsu. Uku sun takure a gefe, fiffike a ƙasa, gashi a tashe, ido rufe. Gyara ma ta ƙi cin ƙwan da ake ba ta.

Laifina ne, kuma gara in rubuta shi yadda yake. Kwana goma ban canza musu shimfiɗa ba. Ruwan sama na shekaranjiya ya yoyo ta kwano daidai kan kwalin, su kuma sun girma suna ture mazubin ruwa. Garin katakon da na karɓo wurin kafintan layinmu mai laushi ne kamar fulawa, ya sha ruwa ya dunƙule ya zama taɓo. Ina shiga ɗakin ina jin wari yana yaji a ido, ina cewa bari Salla ta wuce.

Kafin in sa takalmi shawara ta fara zuwa. Kawu ya ce in fasa kafso ja da rawaya a ruwa, haka kowa ke yi. Mma ta ce a jiƙa ɓawon maɗaci da barkono. Na ce to ga kowa, na ɗauki ɗaya daga marasa lafiyar da kashin a leda na tafi Amakom, na bar rigunan mutane a kan keke.

Likitar ta duba, tambayarta ta farko ita ce, "Malam, shimfiɗarka a jiƙe take?" Ta ce koksidiyosis ne. Wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, tana shiga bangon hanji ta hayayyafa ta fasa shi, shi ne jinin. Ƙwanta yana fita da kashi, a busasshiyar ƙasa ba ya yin komai da sauri, amma in ya sami danshi da ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna, tsako ya tsince shi ya koma ciki. Kusan kowace kaza tana haɗuwa da ita, in kaɗan-kaɗan ne jiki ya saba ya yi garkuwa. Yawan da suka haɗiya a lokaci ɗaya shi ke kayar da su, kuma tsakanin sati uku da shida ta fi kamu. Kafson Kawu na wasu ƙwayoyin cuta ne daban, kuma zuba shi barkatai shi ke sa ranar da ake bukatarsa ya ƙi aiki.

Ta rubuta mini amprolium, a ruwan sha, kwana biyar, ga duka garken har masu lafiya, kada su sami wani ruwan sai shi. Ta ja mini kunne kada in haɗa da bitamin a kwanakin nan: maganin yana aiki ne ta hanyar hana ƙwayar samun bitamin B1, in ka zuba bitamin ka ciyar da abin da kake son kashewa. Sai an gama. Lasota na ranar Asabar kuma a ɗage, ba a yi wa marar lafiya rigakafi. Ta koya mini gwaji: ka damƙi shimfiɗa a hannu ka matse, in ka buɗe ta warwatse lafiya, in ta tsaya dunƙule ta jiƙe.

Na aiki yaron shago Sokoban ya sayo buhu biyu na ɓawon katako mai kauri, wanda injin fiƙa ke fitarwa. Na ƙone tsohon kwalin. Mazubin ruwa na ɗora a kan bulo daidai bayansu. Mma ta jiƙa maɗacinta duk da haka, na roƙe ta ta bari sai kwana biyar sun cika, ta ce, "Ɗan yau ke nan," ta ajiye kwanon.

Juma'a, 6 ga Yuni, Babbar Salla

Mun dawo daga idi na zaga ɗakin ajiya kafin a kayar da rago. Ɗaya ya mutu. Ba Gyara ba, ƙaton cikinsu, wanda ya fi kowa bangaje ta. Na ɗora shi a sikeli don in sani: 410. Na buɗe cikinsa da reza, 'yan hanjin nan biyu masu toshe a ƙarshe sun kumbura cike da jini. Na haƙa rami mai zurfi na binne, kada kare ko ɓera ya tono.

Gyara ta sauka zuwa 112. Tana tsaye da kyar, amma tana sha in an ɗiga mata. Ina ta juya abin a raina ina fiɗar rago: yaya mai giram 410 ya tafi, mai 112 tana nan? Abin da na fahimta shi ne ƙaton ya fi kowa ci da tono a cikin taɓon, ya fi kowa haɗiya. Ita kuwa kusurwarta kullum 'yata tana share mata tana zuba sabo kafin ta tafi makaranta, abin da ya kai gare ta kaɗan ne. Yarinya 'yar shekara tara ta yi abin da ubanta ya kasa.

Riga uku ban gama ba. Masu su sun zo har gida, na ba da haƙuri, ban ce kaji ne suka riƙe ni ba.

Talata, 10 ga Yuni

Magani ya ƙare ranar Lahadi. Jini ya ɗauke tun rana ta uku, ba wanda ya ƙara mutuwa, saura 14 har da ita. Na fara ba su bitamin. Mma ta zuba maɗacinta jiya, suka sha, ta ce ga shi nan sun warware. Na ce gaskiya ne, Mma.

Gyara ta ci rabin gwaiduwa da kanta. 119.

Asabar, 21 ga Yuni

Sati shida. Sauran: 690 zuwa 800. Gyara: 236.

Abokan haɗin kuɗina sun yi Lasota ranar 7 ga Yuni ba ni, ni kuma ba zan fasa kwalbar kaji 1,000 don 14 ba. Likitar ta ba ni wani na Newcastle da ake kira I-2, wanda ake yi wa kajin gida a ƙauyuka. Ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Na yi musu Asabar da ta wuce. Yau kuma na ƙurajen kaji, wanda ake soka allura mai baki biyu a fatar fiffike. Sauro ke yaɗa wannan cutar, mu kuwa da ke kusa da rafin Aboabo sauro ba baƙo ba ne. Bayan sati za a duba wurin, in ya yi ɗan ɓawo ya kama.

Sun koma akurkin waje da na sa aka buga a bayan ɗaki, ƙafafunsa a sama saboda ruwa, waya mai ƙananan ido saboda ɓera. Mai gidan hayarmu ya zo ya duba ya ce in wari ya kai ɗakin kowa za mu yi magana. Bayan abin da ya faru ba sai ya faɗa ba, kowace safiya ina damƙar shimfiɗa kamar mai cinikin gari.

Abin da ya ɗaga Gyara a kwanakin nan gara ce. Mma ta cusa busasshiyar kashin shanu daga wurin mahauta da karan masara da tsumma a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta sa ɗana ya kife ta a bakin wani shuri da ke filin bayan makaranta. Da sassafe ya ɗauko, cike da gara. Haka ake ciyar da 'yan tsaki da 'yan zabi a arewa. Gyara da ko tafiya ba ta so, sai ga ta tana tsalle tana cafka. A nan kam likita ba ta da abin da za ta koya wa Mma.

Asabar, 5 ga Yuli

Sauran sun haura kilo ɗaya. Gyara: 415.

Mayar da ita cikin 'yan'uwa ya fi jinyar wuya. Ranar farko da na sake ta suka taru suka yi mata tsattsaga a ka har da ɗan jini, na ɗauke ta da sauri, domin kaza in ta ga ja ba ta bari. Na sa ta a keji a cikin akurkin kwana biyar, suna ganin juna ba sa taɓawa. Daren na shida na ɗora ta a kan sanda a tsakiyarsu suna barci, na ƙara mazubi na biyu a ɗaya kusurwar don kada a tsare mata hanya. Ana korarta har yanzu, amma tana ci.

Ita ma da nata. Ta saba da hannu, in ta ji muryar 'yata sai ta bar garke ta bi ta har ɗaki. Ɗan tsako samu ka ƙi dangi. Ranar Alhamis tana tsakar gida ita kaɗai shirwa ta sauko, maman yara ce ta wurga murfin tukunya. Na hana a sake ta sai da mutum a wurin.

Asabar, 16 ga Agusta

Sati 14. An bambanta: zakaru 6, mata 8. 'Yata ta ci gari, Gyara mace ce. Nauyinta 960, 'yan'uwanta mata wajen 1,800.

Farkon wata na ga tsutsa doguwa fara a kashi, na ba su piperazine a ruwa. Ƙuma ma ta shiga akurki, na zuba musu toka da yashi a tsohon baho suna birgima, na wanke sandunan. Masarar da na sayo olonka biyar, wato mudun awo na nan, don in haɗa musu na tarar da rabin tana da fumfuna, na zubar ban yi jayayya da raina ba, dafin fumfunar masara hanta yake ci.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ƙwan farko ya zo ranar Talata, yau uku suna yi. Zakaru saura biyu: biyu mun sayar, ɗaya an yanka da surukaina suka zo, ɗaya ya tafi sunan jikan Kawu. A rediyo ana ta maganar shirin gwamnati na Nkoko Nkitinkiti, na raba wa gidaje kaji. In ya iso Aboabo ina fata a haɗa wa kowa da buhun ɓawon katako.

Na zauna na haɗa lissafin Gyara ita kaɗai: ƙwan da ta ci, bitamin, kuɗin mota zuwa Amakom, ban sa barcin da na rasa ba. Da kuɗin na sayi 'yan tsaki uku masu lafiya da canji. Mai kaji 500 ba zai yi abin da na yi ba, ranar farko zai cire ta, kuma ban ga laifinsa ba. Amma da ba don zaman da na yi ina kallonta ba, da ban san mazubi ɗaya bai ishe su ba, da kuma ban iya gane tsako marar lafiya tun daga tsayuwarsa ba.

Kilo 1.4 take, torarta har yanzu ƙarama ce, ba ta yi ja ba. Mma ta ɗaga ta ta taɓa ƙasusuwan da ke gefen dubura, ta ce yatsa ɗaya ke shiga, mai shirin ƙwai kuwa yatsu biyu zuwa uku ke shiga. "Tela, abinci kawai take ci. Sabo da kaza ba ya hana yanka." 'Yata ta fashe da kuka. Muka yi sulhu: a ba ta zuwa ƙarshen Nuwamba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Sati 26 cif. Tun Laraba torarta ta yi ja, tana shiga kwandon ƙwai tana fita ba komai. Yau ina shago wajen ƙarfe goma sai ga 'yata da gudu ba takalmi, hannu biyu a dunƙule. Ƙwai ne ɗan mitsitsi, da ɗan jini a ɓawonsa, ba a kwandon ta yi shi ba, a cikin buhun ƙyallayena da ke ɗakin ajiya, inda kwalinta yake a da.

Na aika aka kawo sikeli. Giram 36. Na 'yan'uwanta yanzu 52 zuwa 55.

Mma ta juya shi a tafin hannu ta ce na farko ba a sayarwa, kuma ba a ba yaro, na tsohuwar gida ne. 'Yata ta ce nata ne, ita ta yi shara. Na bar su suna yi na koma kan keke, akwai wandon makaranta biyu da za a karɓa da azahar. I-2 na gaba ya kama tsakiyar watan gobe, na rubuta a bangon shago.